Murhun Gashi Mai Araha Ya Haɗa Ni da Maiɗakina

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, babbar tana da shekara 6, ƙaramin kuma 3. Na daɗe ina sha'awar in riƙa gasa wa iyalina nama da hannuna, saboda haka wata biyu da suka wuce na sayi wani ɗan murhun gashi na gawayi, mafi araha da na samu, marar murfi, mai siraran ƙafafu. Ranar da zan fara amfani da shi sai na gayyato yayan matata da iyalinsa. Wutar ta ƙi kamawa, na zuba mata kananzir har sau biyu, kajin suka yi baƙi ƙirin ta waje, da aka yanka kuma sai ga jini a jikin ƙashi, ga warin kananzir. Ana cikin haka ruwan sama ya sauko, na jawo murhun zuwa ɗakin girki na turo ƙofa domin in ƙarasa. Wajen jawowar ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, garwashi ya zube dab da ƙaramin yarona. Bayan kamar rabin sa'a, matata da 'yata da ke taya ni a ciki suka fara ciwon kai da jiri, yarinyar har ta yi amai, amma da suka fita waje suka sami sauƙi. Tun daga ranar matata ta ce ba za a ƙara kunna gawayi a gidan ba. Yayanta kuwa a gaban kowa ya ce araha ba ta ado, in ina so in yi abin kirki in sayi babba mai aiki da gas, wanda ba zan iya saye ba sai na ci bashi. Ni dai ina so in sayi wani na gawayi mai sauƙin kuɗi in sake gwadawa, domin ina jin kamar an raina ni. Shin in ci bashin ne, ko in saya ba da saninta ba, ko in haƙura gaba ɗaya?

Daga wani magidanci.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma kafin in taɓa maganar saye dole ne in fara da abin da ya faru a ɗakin girkin nan, domin na lura ka sanya shi a jerin abubuwan da suka ɓata ranar, alhali shi ne al'amari mafi girma a duk abin da ka rubuto. Ciwon kai da jiri da aman da suka kama maiɗakinka da 'yarka, waɗanda suka lafa bayan sun fita waje, sun yi daidai da alamun shaƙar wata guba da gawayi ke fitarwa idan yana ci, wadda ake kira kabon monoksaid. Iska ce da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma sa ido yaji kamar hayaƙi, don haka mutum yana iya zama a cikinta yana hira bai san abin da ke faruwa ba. Idan ta shiga huhu sai ta maƙale wa jini ta tare gurbin iskar oksijin da jiki ke rayuwa da ita, kuma ƙarfin kamunta ga jini ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Takan fara da ciwon kai da tashin zuciya da kasala, idan aka daɗe a ciki sai ruɗewa da barci mai nauyi, daga nan sai suma, wasu kuma ba sa farkawa. Ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi da masu ciwon zuciya su ne ta fi saurin kayarwa. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi, wanda ake ganin kamar ya zama lafiyayye, alhali yana ci gaba da fitar da gubar har sai ya mutu murus, kuma buɗe taga ba ya wadatarwa.

Allah ya tsare muku, muna gode masa. Sai dai ina roƙonka ka lura da su biyun. Idan tun daga ranar ɗayansu tana fama da yawan ciwon kai, ko mantuwa, ko wani sauyin hali da ba a saba gani ba, ku je asibiti ku faɗa wa likita ainihin abin da ya faru, domin illar wannan iskar takan iya bayyana bayan kwanaki ko makonni. Idan kuma maiɗakinka tana da juna biyu a lokacin, ku je ko da ba ta jin komai.

Da ka fahimci wannan, ina fata za ka dubi maganar maiɗakinka da wani ido daban. Ka tsaya a inda ta tsaya a ranar. Cikin sa'a guda ta ga garwashi ya watse kusa da ƙafar ɗanta mai shekara 3, sannan ta riƙe 'yarta tana amai alhali ita ma kanta yana sarawa, duk kuma a gaban yayanta da matarsa. Hausawa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Dokar da ta kafa ta tsoro ce irin ta uwa, ban ga raini a cikinta ba, kuma da ni ne a matsayinta da abin da zan faɗa ke nan. Abin da nake so ka tambayi kanka shi ne, me ta ji daga bakinka tun daga ranar? Idan abin da ta fi ji shi ne ƙorafin kajin da suka ƙone da maganar da yayanta ya yaɓa maka, to za ta ɗauka har yanzu ba ka ga abin da ita ta gani ba, kuma muddin tana ganin haka ba za ta saki jiki da kai a kan wannan batu ba.

Saboda haka matakin farko ba ya buƙatar ko sisi. Ka sami lokacin da yara suka yi barci, ka zauna da ita ka ce mata ka gano abin da ya same su a ɗakin girki, ka bayyana mata shi kamar yadda na bayyana maka, ka ce ka jefa su cikin haɗari ba da saninka ba, ka nemi ta yafe maka. Kada ka bi bayan wannan da "amma", kada kuma ka kawo zancen sabon murhu a zaman. Ka bar maganar ta kwana, ta yi mako ɗaya ko biyu. Batun saye ba da saninta ba kuwa, ka cire shi daga ranka tun yanzu, domin ranar da ta buɗe ƙofa ta ga murhu a tsakar gida, maganar za ta tashi daga ta gawayi ta koma ta amana, kuma wannan ta fi wuyar gyara nesa ba kusa ba.

Ban manta da kai ba. Magidancin da yake so ya tsaya a gaban wuta ya ciyar da iyalinsa da hannunsa, niyyarsa mai kyau ce, kuma na san zafin a kushe mutum a gidansa a gaban baƙinsa. Amma ina jin tsoron kada wannan zafin ya zama shi ne zai yi maka ciniki. Yayan maiɗakinka yana da gaskiya a wuri ɗaya, wato murhun da ƙafarsa ke lanƙwashewa bai cancanci a ɗora masa wuta ba. Inda ban yarda da shi ba shi ne cewa tsada ce maganin abin da ya faru. Ka duba da kyau: warin kananzir daga yadda aka kunna wutar ya fito, ƙonewar kaji daga ɗora su a kan wuta mai tsanani, ciwon kai daga shigar da wuta cikin rufaffen ɗaki, ita kanta ƙafar ma ta lanƙwashe ne a lokacin da ake jan murhu da wuta a cikinsa. Na gas ɗin da yake yabo shi ma zai ƙona kaza idan aka ƙure masa wuta, shi ma haramun ne a kunna shi a cikin ɗaki, ga kuma nasa haɗarin na yoyon tukunya da tsagewar tiyo. Cin bashi domin abin da za ka kunna sau biyu ko uku a wata, don kawai ka rufe bakin wani, ba shawarar da zan ba ka ba ce. Idan ya sake tayar da maganar, ka gode masa cikin girmamawa, ka ce ka ji, kana dai so ka ƙware a ƙarami tukuna. Mai yiwuwa ma shi ma tsoron abin da ya sami ƙanwarsa ne ya fito masa ta hanyar gatse.

Yanzu ga abin da za ka duba idan lokacin saye ya yi, kuma ina so ku je tare da ita. Araha iri biyu ce. Akwai murhun da ya yi araha saboda ba shi da kayan ƙawa, akwai kuma wanda ya yi araha saboda an tsuke ƙarfe, kuma na farkon kake nema. Ka sa a kafa shi a ƙasa, ka dafa gefensa ka girgiza. Idan ya yi rawa yanzu da babu komai a cikinsa, ka wuce. Ka duba inda ƙafafun suka haɗu da kwanon, ka ga ko an ɗaure su da kusoshi masu kauri, ko akwai wani ƙarfe da ya haɗa su ta ƙasa. Ka danna gindin kwanon da babban yatsa, idan ya lotsa ya dawo kamar gwangwani, to zafi da tsatsa za su huda shi ba da daɗewa ba. Ya kasance yana da raga biyu, ta ƙasa wadda gawayi ke zama a kai domin iska ta ratsa ta ƙarƙashinsa toka kuma ta zube, da ta sama wadda ake ɗora nama, kuma ta saman ta zama mai kaurin da ba za ta lanƙwashe ba. Maɗaukansa su zama na katako ko na wani abin da ba ya ɗaukar zafi.

Abin da ya fi kowane muhimmanci, wanda naka na farko ya rasa, shi ne murfi mai zama daram, tare da kafofin iska da ake buɗewa a rufe, ɗaya a gindin kwanon ɗaya a kan murfin. A shekarar 1952 wani mutum mai suna George Stephen, wanda ke aiki a masana'antar ƙarfe ta Weber Brothers a birnin Shikago na Amurka, ya gaji da buɗaɗɗen murhun da iska ke wasa da wutarsa toka na hawa nama, sai ya ɗauki wani ƙwallon ƙarfe irin wanda suke ƙerawa domin alamar jiragen ruwa, ya raba shi biyu, rabi ya zama kwano rabi ya zama murfi, ya huda masa kafofi ya sa masa ƙafafu. Wannan siffar ce ake kwaikwayo har yau a ƙasashe da yawa, kuma akwai masu sauƙin kuɗi a cikinta. Na kawo maka labarin ne domin ka ga cewa dabarar ba ta wuce murfi da iska ba. Mai faɗin santimita 47 ya ishi gida mai mutum huɗu, mai santimita 57 kuwa ya fi dacewa idan ana yawan baƙi. Idan ka sami wanda aka shafe da wani santsi mai kama da tangaran, ya fi jure tsatsa a kan mai fenti kawai. Tayoyi da teburan gefe da sauran tarkace ba sa ƙara wa nama daɗi, kada ka biya kuɗinsu.

Idan sabo mai kyau ya fi ƙarfin aljihunka, nagari da aka taɓa amfani da shi ya fi sabo marar ƙwari, muddin gindinsa bai ɓule ba. Mai walda ma yana iya ƙera maka, sai dai ka tsaya a kan abu uku: kada a yi shi da durom ɗin da aka taɓa zuba sinadari ko man inji, kada a yi wa cikinsa fenti, kada kuma a yi ragar da ƙarfen da aka shafe da sinadarin zinki irin na kwanon rufi, domin idan ya yi zafi sosai yana fitar da tururi mai cutarwa. Ɗan rarar da ta rage maka kuma ka sayi dogon awartakin juya nama, da safar hannu mai kauri, da ma'aunin zafin nama mai tsinke, wanda ba shi da tsada amma shi ne zai raba ka da zato. Kafin ka ɗora abinci a karon farko, ka kunna wuta a cikinsa ta ci kamar minti 30 domin man masana'anta ya ƙone.

Kunna gawayi ba ya buƙatar kananzir ko kaɗan. Akwai wani bututun ƙarfe mai maɗauki da ake sayarwa domin wannan aiki, kuma kana iya yin irinsa da babban gwangwani: a cire samansa da gindinsa, a huda ramuka kewaye da ƙasansa, a gitta wayoyi kaɗan sama da ramukan domin su tare gawayi. Sai ka cusa dunƙulalliyar takarda a ƙasa wadda ka ɗiga wa ɗan man girki, ka cika saman da gawayi, ka ajiye shi a kan ragar ƙasa ta murhun, ka kunna takardar. Zafi yana hawa sama yana janyo iska ta ramukan, cikin minti 15 zuwa 20 za ka ga hayaƙin ya ragu, gawayin sama ya fara yin fari-fari da toka, ciki kuma ya yi jawur. A lokacin ne za ka juye shi, da safar hannu. Mafi yawan masu koyo a nan suke faɗuwa, domin sukan ɗora nama gawayi yana baƙi yana hayaƙi, ko kuma harshen wuta yana tashi. Ina kuma so ka san cewa zuba kananzir karo na biyu a kan gawayin da ya riga ya ɗauki wuta yana daga cikin abubuwa mafi haɗari da ka yi a ranar, domin wuta tana iya bin zirin man ta hau har cikin kwalbar da ke hannunka. Fetur kuwa ko kusa da wurin kada ya zo. Game da gawayin kansa, na itace zalla yana saurin kamawa, ya fi zafi, tokarsa kaɗan ce, amma yana saurin cinyewa. Wanda ake curawa daga garin gawayi ya fi daɗewa da daidaiton zafi, sai dai ya fi toka. Kowanne ka samu zai yi, in dai busasshe ne.

Ga dabarar da za ta gyara maka kaji. Kada ka baza garwashi ya cika murhun. Ka tara shi duka a gefe ɗaya, ka bar ɗaya gefen babu komai, ta yadda za ka sami wuri mai zafi da wuri mai sanyin wuta. Yankan kaza mai ƙashi ka jera shi a gefen da babu garwashi, ka rufe murfin, ka juya shi yadda kafar iskar sama za ta kasance a saitin naman, domin zafi ya ratsa ta kansa kafin ya fita. A haka murhun ya zama kamar tanda, naman yana nuna a hankali har cikin ƙashi, yawanci cikin minti 35 zuwa 45 gwargwadon kaurinsa. Sai a ƙarshe ka matsar da shi kan garwashin na 'yan mintoci, kana tsaye a kansa kana juyawa, har fatar ta yi ja ta yi ƙamshi. Za ka ji kitse yana ɗiga yana cewa cuu, wani lokaci harshen wuta ya tashi ya lashi naman. Idan haka ta faru kada ka firgita, kada kuma ka watsa ruwa, domin ruwa yana tayar da toka kuma yana watsa kitse mai ci. Ka janye naman zuwa ɗaya gefen ka rufe murfi, wutar za ta kwanta da kanta. Kafofin iska su ne linzaminka: ka buɗe su zafi ya ƙaru, ka rage su ya sauka, amma kada ka toshe su gaba ɗaya kana cikin gashi. Idan kana so ka san ƙarfin wuta, ka miƙa tafin hannunka kamar santimita 12 sama da raga. Idan ba ka iya wuce daƙiƙa 2 zuwa 4 ba wutar mai tsanani ce, 5 zuwa 7 matsakaiciya, 8 zuwa 10 kuma mai sanyi. Duk wani haɗin da ke da sukari ko zuma, a ƙarshe ake shafa shi, domin yana saurin ƙonewa.

Sanin ko nama ya nuna kuwa aikin ma'auni ne. Ka soka tsinken a wuri mafi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta ƙayyade cewa kaza sai cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Selsiyos, niƙaƙƙen nama digiri 71, yankan naman sa ko na rago digiri 63 sannan a bar shi ya huta minti 3, kifi ma digiri 63. Launi yana ruɗarwa, domin kaza tana iya yin baƙi ta waje cikinta ɗanye, kamar yadda ka gani, tana kuma iya nuna sarai amma jikin ƙashi ya rage da ɗan ja, musamman idan ƙarama ce. Farantin da ya ɗauko ɗanyen nama kada gasasshe ya koma cikinsa sai an wanke, kuma abin da aka gasa kada ya wuce sa'a 2 a waje, ko sa'a 1 idan zafin gari ya haura digiri 32. Wurin da ya ƙone ya zama gawayi a yanke shi a zubar.

Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗan'uwa, kuma kuskurenka na farko shi ne ka mai da ranar koyo ranar baƙi. Idan maiɗakinka ta amince, ka yi gwaji sau uku ko huɗu ba tare da ka gayyaci kowa ba. Na farko ka kunna wuta kawai ka yi wasa da kafofin iska ka ga yadda take amsawa, ka ɗora 'yan kayan lambu. Na biyu ka gwada cinyar kaza huɗu. Ba sai ka kira yayanta ba sai ranar da ita da kanta ta ce a kira shi.

Hanyar samun amincewarta kuwa ita ce ka miƙa mata ikon kafa sharuɗɗa, kai kuma ka zo da naka tun kafin ta tambaya. Murhu zai zauna a fili ƙarƙashin sama, a kan ƙasa mai daidai, aƙalla mita 3 daga gini da shanya da duk abin da wuta ke ci. Ba zai shiga ɗaki ko gareji ko tanti ko rufaffiyar baranda ba, ko da wutar ta yi kamar ta mutu. Za a ja layi a ƙasa kewaye da shi, tazarar aƙalla mita 1, wanda yara ba za su tsallaka ba, kuma babba ɗaya zai riƙa lura da su yayin da kai kake kan wuta. Bokitin yashi zai kasance a kusa. Ba za a motsa murhu da wuta a cikinsa ba. Idan hadari ya taso, za ka kwashe naman a ƙarasa shi a tukunya ko a tanda, ka rufe murfi da kafofin iska duka, ka bar murhun a inda yake ruwa ya dake shi. Ku kuma san tun yanzu cewa idan wani ya ƙone, ruwa mai sanyi mai gudu ake sakar wa wurin na minti 20, ba a shafa mai ko man goge baki. Toka tana iya ɓoye garwashi mai rai fiye da yini guda, don haka a bar ta sa'a 48 kafin a kwashe, a cikin mazubin ƙarfe, amma kada a bar ta ta daɗe a murhun bayan haka, domin idan ta sha danshi ita ce ke cin gindinsa. Wajen goge raga ka yi hattara da burushin waya, saboda silinsa yana karyewa ya maƙale a nama a haɗiye shi. Dunƙulalliyar takardar alminiyam ko rabin albasa a bakin awartaki, raga tana da zafi, sun wadatar.

Akwai yiwuwar bayan duk wannan ta ce har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba. Idan haka ta faru ka karɓa ba tare da fushi ba, ka ba ta watanni. A tsakanin nan kana iya koyon hannu a wurin wani aboki da yake da murhu, ko ka riƙa gasa musu a tandar gida, wadda ita ma za ta koya maka yadda nama ke nuna da yadda ake aiki da ma'auni. Idan kuma gidan da kuke ciki ba shi da buɗaɗɗen fili mai irin tazarar da na ambata, ko hayaƙin zai riƙa shiga tagogin maƙwabta, ko mai gidan ya hana, to gaskiyar magana ita ce kada ka saya yanzu, mai araha ne ko mai tsada, sai dai ƙarami na tafi-da-gidanka da za ku riƙa fita da shi inda aka yarda a kunna wuta.

Shi kuma tsohon murhun mai lanƙwasasshiyar ƙafa, kada ka gyara shi, kada kuma ka ba wani. Ka fitar da shi daga gidan a wannan makon ka kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, ka bari ta ga fitarsa da idonta. Ina jiran ka sake rubuto mini ka gaya mini yadda jikin yarinyar yake, da abin da mahaifiyarta ta ce bayan kun zauna. A gaishe min da su.